Shekarar da Mahaifiyarku Ta Kai Ni Gaban Alƙali

Tun kuna ƙanana kuke jin wannan labari a bakin dangina, kuma na san yadda suke ba da shi: wai mahaifiyarku ta maka ni a kotu, ta yanki arzikina ta tafi da shi. An sha faɗa a gabana ina yin shiru, saboda shirun ya fi rufa mini asiri. Yanzu ita ta riga mu gidan gaskiya, ni kuma ƙarfi ya ƙare. Ku zauna ku ji yadda aka yi daga bakin wanda aka kai ƙara.

Lokacin da na auri Barira ba ni da komai sai keke ɗaya da ƙafafu masu ƙarfi. Ina ɗaure goro da sabulu a bayan keken, in bi ta Magama in haura ƙasar Nijar, in dawo da dabino da kanwa. Ita 'yar Gangara ce. Mahaifinta ya rasu ya bar mata gona ɗaya da shanu shida a hannun wani Bafulatani, kuma tun da ta shigo gidanmu ba ta taɓa zama haka nan ba, kullum tana matsar man gyaɗa tana tuyar ƙuli-ƙuli. Ba ta da yawan magana. Idan ana hira ita ce mai saurare, har na daɗe ina ɗauka ba ta da abin cewa ne. Mu uku ne manya a gidan: ni, da ita, da kakarku Iya, wadda ta haife ni.

Wajen lokacin da aka canja kuɗi, fam ya tafi naira ta zo, damina ta yi mana gardama. Mutanen arewa suka fara gangarowa ta kan iyaka, Buzaye da Fulani, da raƙuma da ƙasusuwansu a waje. Matansu sukan shigo gidaje neman ruwa. Barira takan dama masu fura, ta shimfiɗa masu tabarma, ta zauna tana jin abin da suke faɗa. Wata rana da na dawo daga tafiya, ko ruwa ban gama sha ba ta durƙusa.

"Maigida, ina son a sayar mani da shanuna ranar kasuwa mai zuwa."

"Nawa daga ciki?"

"Duka. Matan nan sun ce tun daga bayan Maraɗi babu ciyawar da akuya za ta tsinka. Abin da ya koro su yana tafe."

Na yi mata faɗa, na ce gadon uba ba abin wasa ba ne. Ta ce ta ji, amma a sayar. Aka sayar da daraja. Wata biyu bayan haka na ga saniya a kasuwar Jibiya ana tallarta a kan abin da bai kai kuɗin buhun gero ba, babu mai tayawa. Ranar na dawo gida ina satar kallon matar da nake aure kamar ban taɓa ganinta ba. Da la'asar ta fito da kuɗin a ƙulle cikin ɗankwali ta ajiye a gabana. Iya tana zaune gefe tana kaɗin auduga.

"Ka haɗa da naka ka sayi motar nan da kake ta magana. Amma ka ji ni da kyau, ba kyauta na ba ka ba, ba kuma rance ba ne. Tare muke a cikinta."

Na yi dariya na ce na ji, na yarda. Na ƙirga, nata ya kama kashi ɗaya cikin uku na kuɗin wata tsohuwar roka, irin babbar motar nan ta ɗaukar kaya, da wani mutumin Katsina yake son rabuwa da ita. Babu takarda, babu shaidu. Iya ko ɗago kai ba ta yi ba.

Sai ga arzikin man fetur. Ku da ba ku gani ba, ba zan iya kwatanta maku ba. Gwamnati ta ƙara wa ma'aikata albashi, ta haɗa masu har da na baya, masinjan ofis ya wayi gari da babur. Siminti, fulawa, sukari, madarar gwangwani, katifu, rediyo, abin da duk ka ɗora wa mota kafin ka kai Maraɗi an saye. Mutanen Nijar suna karɓar naira da hannu biyu. Jandarmomi da ma'aikatan kwastan na can, waɗanda da ko kallon mai keke ba sa yi, suka koma suna kirana da suna tun daga nesa. Injin motar nan bai taɓa hucewa ba. Cikin shekara biyu na rushe gidan ƙasa na gina na siminti da rufin kwano, na hau jirgin sama na je Makka, na dawo da haƙorin zinariya. A tasha idan na tsaya sai a miƙo mini kujera. A cikin wannan hayaniya na manta da ɗankwalin nan sarai. Ba wai na yi niyyar mantawa ba, a'a, na dai wayi gari ina cewa motata, kowa yana cewa motar Alhaji, ita kuma ba ta taɓa gyara mini ba.

Dole in faɗa maku aibina, don ba za ku gane sauran ba sai da shi. Ina da saurin fushi, kuma bakina ya fi hankalina sauri. Kafin shekarar shari'ar nan na taɓa sakin mahaifiyarku sau biyu. Na farko a kan abinci da ya yi jinkiri, na biyu don ta tafi duba mahaifiyarta da ba ta da lafiya ba ta jira na dawo ba. Duka biyun Iya ce ta tasa ni gaba da ƙwaryar goro na je biko.

Na ukun ya zo ne a kan mota ta biyu. Na ga wata sabuwa, kuɗina bai kai ba, sai na tuna da gonar Gangara. Da rana tsaka na shigo, tana tsakar gida tana tuya, kai Bishir kana goye a bayanta, Sa'adatu da Nura suna makarantar allo. Na ce ta sayar da gonar.

"Alhaji, ka yi haƙuri, gonar nan ba ta sayarwa ba ce."

"Me gona take kawo maki? Abin da kike samu a shekara, mota ta kawo shi a sahu ɗaya."

"Gaskiya ne. Amma mota kan faɗi, kan tsufa. Ka bar wa yaran nan wuri guda da ba ya motsi."

Na ce ita wa ce da za ta koya mini kasuwanci. Na faɗi maganganu da ba zan maimaita maku ba, tana ta ba ni haƙuri, har kalmar ta fita daga bakina. Ta tsame ludayin daga cikin mai a hankali ta ajiye. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce:

"Alhaji, ka ƙirga kuwa? Wannan na uku ne."

A makon nan babu malamin da ban je wurinsa ba, daga Jibiya har garin Kusa, ina neman wanda zai ce mini akwai ƙofa. Kowa ya tambaye ni ko ina cikin hayyacina, in ce ina ciki, ya ce to babu kome sai ta auri wani. Wani abokina ya kawo shawarar a samo wanda zai aure ta na kwana biyu ya sake ta. Da aka kai mata maganar ta ce ba za ta yi wasa da aure don gyara wasan da aka yi da saki ba.

Ta yi iddarta a ɗakinta kamar yadda shari'a ta ce. A cikin watannin nan uku, ashe ba zaune take kawai ba. Akwai kawunta, malami ne mai karantar da littattafan fiƙihu a Gangara, ta riƙa aika masa da tambayoyi yana aiko da amsa: me ke nata, me ba nata ba, wa zai riƙe yara, wa zai ciyar da su. Da idda ta kusa cika ta aiko Iya ta ce mini tana roƙon mu zauna a gida, da kawunta da wani babba nawa, a raba abin da ke tsakaninmu ba tare da duniya ta ji ba. Na kai maganar tasha. Aka yi ta dariya, aka ce yaushe mace ta fara mallakar roka. Na dawo da zafin dariyar nan na ce a gaya mata ta kwashe kwanoninta da gadonta, abin da ta zo da shi ke nan. Kwana huɗu bayan ta koma Gangara da ku, aka kawo mini sammaci.

Alƙalin garinmu a lokacin wani dattijo ne siriri, wanda har a shekarun da kowa ke hawa babur shi yana nan da kekensa. Na aika masa da buhun shinkafa gida. Washegari na tarar da buhun a zaurena, wanda ya kawo ya ce Malam ya ce a gaya mini masu dako sun yi ɓatan kai, ga kayana. Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan shinkafar, har ya bar duniya.

Ranar zama na sa babbar riga, na je da abokai cike da mota. Ita ta zo da kawunta kawai, ta lulluɓa da mayafi, ta zauna a tabarmar mata. Ta faɗi ƙararta cikin 'yan kalmomi: shanunta shida, kuɗinsu, da abin da ta ce ranar da ta ba ni. Alƙali ya juyo gare ni. Na ce kyauta ta ba ni, irin wadda mace kan yi wa mijinta.

"Kina da shaida?" in ji alƙali.

"Allah ya gafarta Malam, akwai mutum ɗaya da ke wurin. Amma ba zan iya kiranta ba."

"Don me?"

"Ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Ba zan tsayar da ita tsakanina da ɗanta ba."

Alƙali ya yi mata bayani a hankali cewa mai ƙara idan ba ta kawo shaida ba, rantsuwa tana komawa kan wanda ya musa, in ya rantse magana ta ƙare. Ta ce ta sani, kawunta ya gaya mata. Alƙali ya ce mini in je in yi alwala. Na fita bakin randa na tsuguna. Ina wanke hannu ina gaya wa kaina ai shekaru sun wuce, ai ni na sha wahalar hanya, ai kusan kyautar ce. Na san ƙarya nake shirin rantsewa a kanta, kuma na ci gaba da alwalar. Na dawo, an ɗauko Alƙur'ani an buɗe, na miƙa hannu.

"Allah shi gafarta Malam, kada a ba shi."

Muryar Iya ce. Na bar ta a gida da safe tana jan carbi. Ashe ta biyo bayanmu da ƙafa, ta zauna cikin matan da ke jira a gindin bishiya tana jin komai ta taga. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, wadda saboda kunyar ɗan fari ko sunana ba ta taɓa kama ba, ga ta tsaye a ƙofar kotu tana dogara sanda. Alƙali ya tambaye ta ko ita wa ce, ta ce ita ta haifi yaron nan. Ya ce a ba ta wuri. Ya gaya mata da ta zo ta yi wa ɗanta shaida ne da ba zai karɓa ba, amma tunda a kansa za ta yi, ta faɗi abin da ta sani.

"Ina zamne ina kaɗi. Ɗiyar nan ta aje kuɗi gabanshi, cikin ɗankwali mai ruwan ganye. Ta ce mashi ba kyauta ba ne, ba rance ba ne, tare suke. Ya ce ya ji, ya yarda. Abin da kunnena ya ji ke nan."

Alƙali ya rufe Alƙur'anin da hannunsa, ya mayar cikin gafaka, ya dube ni ba tare da fushi ba.

"Alhaji, in sake tambayarka, ko ka tuna?"

Na ce na tuna. Na ce yadda ta faɗa haka aka yi. Ruwan alwala bai gama bushewa a gemuna ba.

Na ɗauka nan za a ce a sayar da mota a ba ta rabonta, abokaina ma haka suka ɗauka. Alƙali ya ce kashi ɗaya cikin uku na motar da na ribar da ta kawo hakkinta ne, ya tambaye ta yadda take son a yi. Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa nake ba ku wannan labari. Matar nan da ba ta taɓa shiga aji ba ta buɗe baki, kowa a ɗakin ya koma ɗalibi.

Ta ce kada a sayar da motar, don ita ke ciyar da 'ya'yanta da direba da iyalinsa. A samo mutum biyu masu amana daga tasha su yi mata kuɗi. Ribar baya ta yafe, tunda ta ci ta sha a ciki, an kuma gina gidan da 'ya'yanta za su gada. Rabonta na motar kuwa kada a ba ta a dunƙule, don kada a karya ni, kada kuma dangi su ji ta da kuɗi su yi mata layi. A raba shi uku, kowace kaka in biya ɗaya. Na farko a saya mata ɗan gida a Jibiya kusa da makarantar firamare, yadda yara za su yi karatu kuma su riƙa ganin ubansu. Na biyu a sayi injin niƙa a kafa a ƙofar gidan. Na uku a mayar mata da shanu yanzu da ciyawa ta dawo. Sa'an nan aka zo kan ciyar da ku. Alƙali ya ce riƙonku yana hannunta, ciyarwa da tufatarwa suna kaina, ya fara lissafin naira nawa zan riƙa bayarwa a wata.

"Allah ya gafarta Malam, ina roƙon kada a yanka da naira. A yanka da gero."

"Don me? Kowa yanzu naira yake so."

"Ni mai sayen gyaɗa ce. Abin da na sayi tiya da shi bara, bana rabin tiya yake ba ni. Kuɗin suna yawa, abin da suke saye yana raguwa. In an rubuta naira, nan da shekara biyar yaran nan ba za su ƙoshi ba, sai in dawo nan in sake tsayar da ubansu. Ba na son in sake tsayar da shi. A rubuta damin gero kaza kowace kaka, da tufafin salla biyu, da magani in ciwo ya zo."

Alƙali ya ajiye alƙalaminsa. Ya juya ga magatakardansa ya ce ya rubuta yadda ta faɗa, kada ya canja ko kalma ɗaya. Ya ce shekarunsa da yawa a kan wannan buzu, masu rabuwa suna zuwa masa kowa yana neman abin da zai ƙuntata wa ɗan'uwansa, yau ya ga wadda ta zo da tsarin da zai tsayar da gida biyu. Ni kuwa ina zaune cikin babbar rigata ina tunanin shekara goma sha ɗaya na yi da wannan mata a gida ɗaya, ban taɓa tambayarta ra'ayinta a kan komai ba.

Kada ku ɗauka na fita daga kotun nan na zama mutumin kirki. Kunya ta koma mini haushi, na ɗora shi a kan Iya. Kusan wata guda ina gaishe ta a tsaye in wuce. Wata safiya ta kira ni ta ce in zauna.

"Kana jin haushina don na kunyata ka gaban alƙalin Jibiya. Ni kuwa hannunka na gani ya kusa taɓa Littafin. Da ka taɓa, wane alƙali zan je in roƙa maka?"

Na kifa kaina a gwiwarta na yi kukan da ban yi ba ranar sakin.

Na biya kashi ukun nan a kan lokaci. Mota ta biyun ma sai da na saya, na ƙara da ta uku, don ban ji magana ba. Kun san yadda ta ƙare. Arzikin man ya ja baya, naira ta faɗi, aka zo aka rufe kan iyaka. Motoci suka zauna a tasha har tayoyinsu suka tsage. Ɗaya ta faɗi da kayan mutane a hanyar Katsina, sauran na sayar da su a kuɗin ƙarfe. Injin niƙan mahaifiyarku kuwa tun asuba ake jin ƙararsa, kuna tafiya makaranta da takalma a ƙafa.

Shekara tara ina kai geron nan ban taɓa fashi ba. A ta goma kaka ta zo ba ni da ko dami ɗaya. Na yi kwanaki ina jinkiri, daga baya na tafi da ƙafa, da hantsi, lokacin da na san kuna makaranta. Na yi sallama a zaure. Ta zo ta tsaya daga bayan ƙofa, kamar yadda muke magana tun bayan rabuwarmu, muka gaisa. Na ce mata bana ba zan iya ba, in tana son ta koma kotu ba zan ga laifinta ba.

"Alhaji, geronka yana nan."

"Wane gero?"

"Duk shekara in ka kawo, nakan cire biyu cikin goma in kai rumbu a Gangara. In sabo ya zo in fitar da tsohon mu ci, in zuba sabo a madadinsa, in ƙara da na bana. Na san hanya ba ta da tabbas. Abin da ke ciki zai kai su shekara biyu."

Na jingina da bangon zauren. Can na ce to, sai ta gaya maku gaskiya, ku san ubanku ya gaza bana.

"Me zan gaya masu? Kai ka kawo shi. Jibi za a ɗauko kashin farko daga Gangara a amalanke. Ka tare shi a bakin gari ka shigo da shi da kanka, su gan ka."

Haka aka yi. Na tari amalanken a bakin gari na biyo shi a ƙafa har ƙofar gida. Kuka fito da gudu kuna cewa Baba ya kawo gero, ke Sa'adatu har kika kawo mini ruwa a kwanon sha mai murfi. Na sauke dammunan nan ɗaya bayan ɗaya da hannuna, ita tana daga ciki tana gaya maku inda za a jera su.